Tukunyar da ke bakin ƙofar makaranta

(An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani taron iyaye da malamai a Garwa, a arewacin Kamaru. An bar maganar yadda ta fito.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Iyayena mata, malamai, shugabannin ƙungiyar iyaye, sannunku da shan rana. An ce in yi magana a kan abincin yara a makaranta, kuma abu huɗu na rubuto: iyaye, malamai, ɗalibai, sai kuɗi. In Allah ya so mu gama kafin la'asar.

Makarantu nawa ne a nan ake dafa wa yara abinci? A ɗaga hannu. Kun gani, hannuwan ba su da yawa. To ku sauran, yaranku azumi suke yi tun bakwai da rabi har a tashi? Suna ci mana. Akwai mai ciyar da su, kuma kowa a nan ya san ta: matar nan da ke zama a gindin darbejiya a bakin ƙofa, da kaskon ƙosai da robar wake da shinkafa. Ita ce kantin ɗinmu. Shekara da shekaru tana wannan aiki, amma ku gaya mini, wane taron APEE, ƙungiyarmu ta iyaye da malamai, aka taɓa gayyatarta? Sai dai in wani yaro ya yi gudawa, a aiki mai gadi ya kore ta. Bayan kwana biyu ta dawo ta zauna can gefen kwata, inda ƙudan ya fi yawa.

Ku tsaya wata rana ku kalli lokacin hutu. An buga tsohon ƙarfen tayar nan da aka rataye a bishiya, yara sun ɓarke. Ga ɗan SIL, ajin farko, ya dunƙule dala biyar, wato sefa ashirin da biyar, a hannu tun daga gida, har ta jiƙe da gumi. Manyan CM2, 'yan ajin ƙarshe, sun riga sun tare gaban mai wake. Shi kuma ba ya iya kutsawa, ga zafi, sai ya juya wajen mai ƙanƙarar leda, mai jan kala ɗin nan, ya tsotsa ya koma aji da jan harshe. Abin da zai riƙe shi ke nan har bayan azahar. Sai metir, malamin aji, ya rubuta a takardarsa wai yaro ba ya mai da hankali. Ina hankalin zai fito? Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Shi ya sa nake cewa kafin mu rubuta wa PAM wasiƙa, mu fara kiran matan nan. Ban raina PAM ba, hukumar abinci ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya, har kyautar Nobel ta zaman lafiya ta karɓa a 2020, kuma ta ciyar da yara da yawa a arewacin ƙasar nan. Amma abincin shiri yana da ranar ƙarewa. Ran da motar ta daina zuwa, Inna mai ƙosai tana nan.

Me za a yi da su in an kira su? A shigo da su cikin harabar makaranta, a kafa musu rumfa ko ta zana ce. A ajiye randa ko jarka mai famfo, da sabulu a ɗaure da igiya don kada ya yi ƙafa. (Dariya.) Kowace tukunya da murfinta. Ƙungiyar iyaye ta biya musu kuɗin duba lafiya a asibiti farkon shekara. Sannan a zauna da su a yi ciniki irin na mutunci: kada kowa ta kawo fanke rana ɗaya, wata ta riƙe kunun gyaɗa, wata wake, wata dambu da zogale. A bar ƙaramin awo na dala biyar, kada a kashe shi, don akwai gidan da iyakar ƙarfinsa ke nan. Layin ƙanana daban. Uban da ke tsoron ɗansa zai kashe kuɗin a alawa, ya biya matar na mako guda a hannunta, ta rubuta a littafi.

Kuma maganar murfi da lokaci ba ƙaramar magana ba ce a garin nan. A watan Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40. Shinkafar da aka sauke da asuba, ta zauna a roba har sha biyu, ba sai ta yi wari ba kafin ta kwantar da yaro. Wanda ya ga kwalarar 2010 a jihar Arewa Mai Nisa ba sai an yi masa dogon bayani a kan ruwa da wanke hannu ba. Haka mai: tun 2011 doka ta ce a riƙa zuba sinadarin bitamin A a man girki na kamfani, a ƙara wa fulawa sinadarin ƙarfe. Amma man da aka soya, aka sake soyawa har ya koma baƙi, me ya rage a cikinsa? Matar ta san haka sarai, tsada ce ta sa. In makaranta ta haɗa su suka sayi jarka guda tare, sai farashin ya sauka.

Af, na tuna Barazil. A 2009 suka yi doka cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don ciyar da ɗalibai, a wajen ƙananan manoma za a kashe shi. Tarayyar Afirka ma ta ɗauki wannan tunani, a 2016 ta ware 1 ga Maris ranar ciyar da ɗalibai, aka yi bikin farko a Yamai. To mu me muka rasa? Masakwa na nan da rani, shinkafa na zuwa daga Yagwa, kifi daga Lagdo, ga albasar Marwa, ga wake da gyaɗa a kasuwar Pitowa. Uban da ba shi da sefa a aljihu a watan Satumba yana iya ba da kwano biyu na wake bayan girbi. Sai dai a duba gyaɗar da masarar, wadda ta yi fumfuna a zubar, gubarta hanta take ci kuma wuta ba ta kashe ta. Sannan in an ci wake, a haɗa da ɗan lemun tsami ko gwaba, jiki ya fi jan ƙarfen da ke ciki.

Na biyu ke nan ko? Na biyu, malamai. A Japan, inda suke da dokar abincin makaranta tun 1954, shugaban makaranta ne ke fara ɗanɗana abincin kafin a raba, malami kuma a aji yake ci tare da yaransa. Mu ma a yi haka. Direkta ya ci daga tukunyar da yara ke ci, za ku ga ta gyaru cikin mako guda. Amma ya biya! Malam, kada ka sunkuyar da kai, ban kira suna ba. (Dariya.) Bashin malamai ya karya jarin mata da yawa.

Na huɗu, a'a, na uku, ɗalibai. Can Japan ɗin yara ne ke sa farar riga da hula su raba wa junansu abinci, su share wuri. Mu kuma ko tambayarsu ba ma yi. Kowane aji ya zaɓi biyu, su faɗi abin da ake ci da abin da ake zubarwa, su kula da jarkar wanke hannu, in akwai fili a yi ɗan lambun yakuwa da kuɓewa. Maganar kuɗi kuwa... Na'am, Hajiya? A miƙa mata abin maganar.

Wata uwa: Malam, ka ce yara su sa hannu. Mu mun san inda wannan ke ƙarewa. 'Ya'yanmu mata za a fitar daga aji su ɗebo ruwa su wanke tukwane, mazan suna can suna ƙwallo. Mu iyaye mata kuma a ce mu zo mu dafa kyauta don Allah.

Wallahi Hajiya kin faɗi gaskiya, kuma haka ake yi. To a rubuta wannan a cikin ƙa'ida, mai rubutu ka rubuta. Aikin yara a bi jerin sunayen rajista, namiji da mace, duk wanda layi ya zo kansa. Ba a fitar da kowa daga darasi, aikin na lokacin hutu ne kawai. Yaro ba ya zuwa kusa da wuta, ba ya zuwa neman itace, ba a aika shi rijiya. Namijin da ya ce wanke kwano aikin mata ne, direkta ya ɗauki kwano ya wanke a gabansa. Mai dafawa kuma a biya ta, ko da kuɗi ko da awo, a faɗi adadin a gaban kowa. Wadda ta bar sana'arta ta yini a bakin murhu aiki ta yi.

Sannan ku mata ku shiga kwamitin da kanku, mabuɗin ɗakin ajiya ya zauna a hannunku. Inda akwai ƙungiyar iyaye mata ta AME, a ba ta wannan. Kuma shugaba, ranka ya daɗe, a daina sa taro a lokacin ɗora tukunyar dare sannan a ce mata ba sa zuwa. Hajiya, wace rana ta fi muku? Asabar da hantsi? To an ji, a sa Asabar da hantsi, a gaya wa masu abincin bakin ƙofa su ma su zo. Maganar kuɗi sai ranar, ma'aji ya taho da littafinsa.