Dakata, kar ka juya katin tukuna

Kwanan nan duk inda ka leƙa a waya sai ka ga ɗalibai suna rero sunayen sinadarai 20 na farko a jadawalin sinadarai na darasin kemistiri, daga haidirojin har kalsiyam, ba ko sarƙewa. Madalla. To amma tsayar da ɗaya ka ce masa, wanne ne na 17? Sai ka ga ya koma farko yana ƙirga yatsu. Mai jarrabawar WAEC kuwa ba zai jira ka gama waƙa ba.

Maganin wannan shi ne katin bita, kowane sinadari da nasa. Haɗa katin ba wuya. Yanka kwalin sabulu ƙanana-ƙanana. A gaba ka rubuta alamar sinadarin, wato harafinsa, a baya sunansa da lambarsa a jadawali, sai ɗan zane. S, lamba 16, zana garin farar wuta. Sn, lamba 50, kuzar Jos. Pb, lamba 82, dalma, wadda gubarta ta yi ɓarna a ƙauyukan Zamfara a 2010. Na, lamba 11, sodiyam, zana kanwa ko gishiri. Zanen ya yi muni ma ba laifi, ni a ganina mummunan ya fi zama a kai.

Yanzu ga inda ake tafka kuskuren. Kalli ɗalibi da kati a hannu. Ya ga K, ransa ya ce ai na san wannan, nan take ya juya. Fotasiyam, 19. Ya gyaɗa kai ya wuce. Bai tuna komai ba, karantawa kawai ya yi. Ido ya saba da harafin, shi ya sa yake jin kamar ya iya.

Sake kallo. K. Hannu ya tsaya. Sai ka faɗi amsar da bakinka, a ji, kafin yatsa ya taɓa bayan katin. Ta ƙi zuwa? Jure, ƙirga biyar. Wannan ɗan ƙaiƙayin da kake ji a ka, shi ne karatun. In ka ce kalsiyam, ka juya ka ga fotasiyam, ka faɗi, ba wani "ai saura kaɗan". Kalsiyam Ca ne, lamba 20, maƙwabta ne shi ya sa suke rikita mutane.

Sannan a cakuɗa katunan kowane zama, kar su biyo jerin waƙar.

Sauran sai mu yi sauri. Gwangwani uku na zuba katunan. Wanda ka ci ya matsa gaba, wanda ka faɗi ya dawo na farko ko da ya kai na uku. Na farko kullum, na biyu bayan kwana uku, na ƙarshe mako-mako. Wani Bajamushe, Sebastian Leitner, ya fito da tsarin akwatunan a 1972.

Sinadaran 118 ne, amma kar ka kwaso su gaba ɗaya. Fara da goma, in sun zauna ka juya tarin, ƙanwarka ta riƙa kiran suna kai kana ba da alama.