Ina Kuɗin Binciken Ciwon Ido Ke Tafiya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke fama da matsalar gani. Daga cikinsu, aƙalla biliyan 1 matsalarsu irin wadda ake iya hanawa ce ko a magance, amma ba a kai gare su ba. Manyan dalilan ma sanannu ne: yanar ido, da rashin tabarau.

To ku duba inda kuɗin bincike ke kwarara. A 2017 Amurka ta amince da Luxturna, maganin da ke gyara ƙwayar halitta a wata makanta ta gado da ba a cika samu ba. Kuɗinsa lokacin da aka fara sayar da shi dala 850,000 ne na ido biyu. Nasara ce babba, kuma duk iyayen da ɗansu ya fara ganin hanya da dare ba za su ce an yi asara ba. Sai dai kamfani yana bin inda mai saye yake, alhali kusan kashi 90 cikin 100 na masu rashin gani suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi.

Aikin yanar ido kuwa an daɗe da ƙwarewa a kai. Cikin mintuna likita zai cire abin da ya dushe, ya sa na roba, washegari a buɗe bandeji, dattijuwar da jikanta ke ja wa sanda ta gane fuskarsa. Abin da ya rage a bincika shi ne me ya hana ta zuwa shekara da shekaru. Tsoro ne, ko nisa, ko rashin mai raka ta? Me ya sa mata suka fi maza zama da yana ba a yi musu aiki ba? Irin wannan bincike ba ya haifar da hajar sayarwa, shi ya sa masu zuba kuɗi ke ja da baya.

Amma idan aka yi shi, yana magana da kansa. A 2018 an fitar da sakamakon gwaji a gonakin shayi na Assam a Indiya: ma'aikatan da aka ba tabarau na ganin kusa, ganyen da suke tsinka ya ƙaru da sama da kashi 20 cikin 100. Tabarau kawai. Kwamitin masana na mujallar Lancet Global Health kuma ya ƙiyasta a 2021 cewa duniya na asarar dala biliyan 411 kowace shekara saboda aikin da rashin gani ke hanawa.

Akwai kuma inda ɗakin gwaji ne kaɗai mafita. Hawan jinin ido yana cin jijiyar gani a ɓoye, ba zafi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya fi kama masu asalin Afirka, ya fi zuwa musu da wuri, amma yawancin binciken ƙwayoyin gado a kan Turawa aka yi shi. A nan ya kamata a ƙara kuɗi, a kuma damƙa ragamar binciken a hannun likitocin da waɗannan marasa lafiya ke layi a ƙofarsu kullum.