Junifa a Kasko: Itacen da Ba Ya Son Zaman Falo

Binta: Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau ina tare da Malam Sani, za mu tattauna kan bonsai, wato fasahar rainon itace a ɗan kasko har ya tsufa bai yi girma ba, wadda Japanawa suka koya daga ƙasar Sin. Malam, me ya sa junifa, wato itaciyar nan mai ƙananan ganye da ke zama kore duk shekara, ta fi yawa a hannun masu koyo?

Sani: Hajiya, tana jure lanƙwasa da aski, shi ya sa. Irin da aka fi daraja shi ne shimpaku, musamman na duwatsun Itoigawa a Japan, inda iska da ƙanƙara suka murɗe gangar itacen tun kafin ɗan Adam ya taɓa shi. Sai dai yawancin waɗanda suka saya kashe ta suke yi, domin suna ajiye ta a falo kamar kayan ado, alhali itaciyar waje ce da ke buƙatar rana ta awa da yawa kullum, da iska, da hutun lokacin sanyi.

Binta: Amma mai ita zai ce ya ga ganyen kore shar har tsawon makonni.

Sani: Nan yaudarar take. Ganyen junifa yakan riƙe launinsa bayan saiwar ta riga ta mutu, kafin ya koma ruwan ƙasa aikin gama ya gama. Saboda haka ƙasar kaskon ake dubawa, a cusa yatsa, idan saman ya fara bushewa a zuba ruwa har ya tsiyayo ta ramin gindi. A Japan suna haɗa tsakuwar yumɓu da ake kira akadama da dutsen da ke tsotse ruwa, don kada saiwa ta kwana cikin laima ta ruɓe.

Binta: To, batun aski fa? Na ga wasu suna tsinke kowane toho da farce.

Sani: Ban yarda da wannan ba. Ƙarfin junifa a ganyenta yake, kuma reshen da aka tsiraita gaba ɗaya da wuya ya sake toho. A sa almakashi a rage masu tsayi, a naɗa wayar jan ƙarfe don juya reshe, a kuma warware ta kafin ta nutse cikin ɓawo.

Binta: Farin itacen nan da ke jikinta kamar ƙashi, shi ma da gangan ne?

Sani: Da gangan ne. Ana ɓare wani sashe a shafa masa ruwan farar wuta da farar ƙasa, a bar siririn layin ɓawo mai rai da zai kai ruwa sama. Duba bonsai ɗin da ake kira Goshin, na John Naka, gwanin bonsai ɗan Amurka, junifa goma sha ɗaya a kasko guda, wanda ya fara a 1948 ya kuma bayar da shi kyauta a 1984. Yana Washington har yanzu, ana ba shi ruwa a waje.