Ƙashin goshi da kogon da ke bayansa

Assalamu alaikum. Kowa ya ɗora yatsa a saman girarsa, ya danna. Samari, kun ji tudu ko? 'Yan mata, naku ya fi kwanciya. Balaga ce ke taso da wannan tudu a fuskar namiji, kuma idan ya taso babu maganin sha da zai mayar da shi, sai tiyata.

Wani likita a San Faransisko ta Amurka, Douglas Ousterhout, shi ya tsara aikin rage wannan tudu a shekarun 1980, domin waɗanda aka haifa maza amma suke rayuwa a matsayin mata. Ya yi koyo a wurin Paul Tessier na Faransa, likitan tiyatar ƙashin kai da fuska. Na ga wasu sun tsuke baki. Ku riƙe ra'ayinku, ni dai ƙashi na zo koyar da ku.

Bayan tudun nan akwai kogon iska mai haɗe da hanci. Shi ke yanke hukunci, ba likita ba, don haka sai an ɗauki hoton sikanin kafin a taɓa kowa. Ousterhout ya kasa hanyoyin gida uku a 1987. In kogon ƙarami ne, ƙashin da kauri, sai a goge da injin gurza. Wani kuma a goge kaɗan, a cike kwarin da ke sama da simintin ƙashi.

Ta ukun ce aka fi yi, ita ce mai wuya. Bangon kogon siriri ne, ka dage da guga sai ka huda shi. Don haka ana tsaga fata cikin gashi daga kunne zuwa kunne, a ɗage ta, a yanke bangon gaba a ɗauke shi kamar murfin tukunya. A gyara shi a kan tebur, a mayar da shi ciki-ciki, a ɗaure da waya ko 'yan ƙarafan taitaniyom. Jijiya biyu ku kiyaye: wadda ke fitowa ta saman kwarmin ido, in ta taɓu goshi ya mutu da ji, da wadda ke bi ta gefen kai tana ɗaga gira. Kada kuma ku toshe magudanar kogon. Majina za ta taru shiru, sai bayan shekaru mutum ya dawo da kumburi.

To me ya haɗa mu da wannan a Jos? Kwanaki aka kawo mana wani direba daga Hawan Kibo, sitiyari ya lotsa masa goshi, babban yatsana na shigewa cikin ramin. Tsaga ɗaya muka yi, jijiyoyin nan muka kauce wa. Masu rage tudu ciki suke tura bangon, mu waje muka jawo shi. Da ya farfaɗo, matarsa ta ce, "Likita, a ina kuka yanka?" Na buɗe mata gashin.