Kiɗan da Wutar Lantarki Ke Yi a Fim da Wasan Bidiyo

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau batun kiɗa za mu yi, amma kiɗan da babu ganga a cikinsa, babu tsirkiya, babu busa. Wutar lantarki ce kawai ke bin waya ta fito da amo. Na'urar da ke wannan aiki ita ake kira sintesaiza. In dai kun taɓa kallon fim ɗin tsoro ko kun buga gem, to kun sha jin ta, ko da ba ku san sunanta ba.

Bari mu fara leƙa cikinta, don wanda ya san yadda take aiki ya fi jin daɗinta.

Kowane sauti girgizar iska ce. A cikin sintesaiza akwai wani sashe da ake kira osileta, aikinsa ya riƙa kaɗa wuta sama da ƙasa. In ya kaɗa sau 440 a daƙiƙa ɗaya, lasifika za ta fitar da sautin nan da makaɗa ke daidaita kayansu da shi. Siffar kaɗawar kuma ita ke ba sautin halinsa. Mai santsi tana fitowa da taushi. Mai kama da haƙoran zarto tana fitowa da kaifi, har da ɗan zuzu a kunne. Daga nan sai filta, wadda ke tace kaifin, makaɗi ya murɗa maɓalli ya rage ko ya ƙara yadda ya ga dama. Sai sashe na uku, wanda ke yanke hukunci kan rayuwar sautin: ya faɗo ne gaba ɗaya, ko ya taso a hankali? Ya mutu nan take, ko ya ja dogon numfashi?

To, a nan gizo ke saƙar. In ka danna fiyano, sautin ya riga ya fita, ba abin da ya rage masa sai dusashewa. Sautin sintesaiza kuwa yana iya ci gaba da girma bayan an danna, ya buɗe, ya yi kaifi, ya sake lafawa. Shi ya sa mai sauraron da ke bin karin waƙa kaɗai yake barin rabin abin a baya. Ana saurarar irin wannan kiɗa ne ta jikin sautin da yadda yake canza kama.

Ku ɗauki farkon fim ɗin Blade Runner na 1982. Birni ne cikin dare, harsunan wuta na tashi daga kan dogayen hasumiyoyi, sai wani amo mai kama da ƙaho ya taso daga nesa, ya faɗaɗa, ya zame ƙasa. Vangelis, makaɗin nan ɗan ƙasar Girka, shi ya yi shi da wata na'ura ta kamfanin Yamaha mai suna CS-80, wadda ta fito a 1977, nauyinta kusan kilo 100. Abin da ya bambanta ta shi ne, kowane maɓalli yana jin ƙarfin yatsa bayan an danna shi. Ka riƙe maɓallai uku, ka ƙara matsa ɗaya, shi kaɗai zai ɗaga murya. A wancan lokacin, Vangelis kan zauna a ɗakin aikinsa na Landan yana kallon hoton fim ɗin yana bugawa kai tsaye. Don haka in wani ya ce muku kiɗan inji ba shi da rai, ku kunna masa wannan. Hannun mutum na nan a ciki, ana jin sa.

Ba da sauƙi aka karɓi wannan kiɗa ba. A 1956 Louis da Bebe Barron suka yi wa fim ɗin Forbidden Planet kiɗa da na'urorin da suka haɗa da hannunsu, amma a jerin sunaye ba a ma kira aikin nasu kiɗa ba. Robert Moog ya fito da tasa sintesaizar a 1964, makaɗiya Wendy Carlos ta nuna wa duniya abin da za a iya yi da ita, kafin a ankara Giorgio Moroder ya ci kyautar Oscar da kiɗan Midnight Express na 1978.

Wani lokacin kuma rashin kuɗi ne ya kawo ta. John Carpenter ba shi da halin ɗaukar babbar ƙungiyar makaɗa a fim ɗinsa na Halloween, shi ma na 1978, sai ya tsara kiɗan da kansa: fiyano a sama, sintesaiza na gurnani a ƙasa. Ku ƙirga bugun. Biyar ne, ba huɗun da kunne ya saba da shi ba. Kullum sai ka ji kamar akwai taku ɗaya da ya yi yawa, hankalinka ya ƙi kwanciya, ba ka kuma san dalili ba.

A wasan bidiyo abin ya fi haka tsanani, ni kuma a nan ya fi burge ni. Na'urar Famicom da Nintendo ta fitar a Japan a 1983 murya biyar kacal gare ta, wato sautuka biyar kawai take iya fitarwa a lokaci ɗaya: biyu na karin waƙa, ɗaya na amon ƙasa, ɗaya na shuu da ake yin ganga da shi, sai ta biyar ta ɗan guntun sauti da aka naɗa. Da wannan Koji Kondo ya yi kiɗan Super Mario Bros. a 1985. Ku kasa kunne sosai lokacin da Mario ya yi tsalle. Ƙarar tsallen ba ta da muryar kanta, sai ta ari ɗaya daga cikin na kiɗan, wani ɓangaren waƙar ya ɓace na ɗan lokaci sannan ya dawo. Miliyoyin mutane sun buga wasan nan ba su taɓa lura ba.

Kwamfutar Commodore 64 ta 1982 kuwa murya uku gare ta. In makaɗi yana son sautuka uku su fito tare, ya cinye na'urar duka ke nan. Sai suka yi dabara: murya ɗaya ta riƙa tsalle tsakanin sautukan uku da gudun da kunne ba zai iya rarrabewa ba. Wannan karkarwar da ake ji a tsofaffin wasanni, daga nan ta samo asali. Yau babu wanda ya rasa murya, amma masu wannan salo suna yin ta da gangan, don ta riga ta zama ado.

Akwai kuma abin da gem ke yi wanda fim ba zai iya ba. A Space Invaders na 1978, sautuka huɗu ne ke ta maimaituwa, kuma duk sanda ka rage abokan gaba sai su ƙara sauri. Kiɗan yana bin abin da hannunka ke yi ne. Wasannin zamani da ke canza kiɗa in an shiga faɗa, jikokinsa ne.

Ban ce duka na da kyau ba. Tun da shirin Stranger Things ya farfaɗo da salon shekarun 1980 a 2016, ya zama kowa ya samu kwamfuta sai ya riƙe maɓalli ɗaya na minti uku ya ce ya yi kiɗan fargaba. Gane bambancin ba wuya. Ku sa abin ji a kunne, don lasifikar waya tana yanke amon ƙasa, ku zaɓi sauti ɗaya tak ku bi shi daga tasowarsa har mutuwarsa. In ya buɗe ko ya rufe daidai da abin da ke faruwa a hoton, akwai wanda ya zauna ya sassaƙa shi. In kuwa yadda ya shigo haka ya fita, cike gurbi aka yi da shi.