Zuma a Kan Harshe: Chanakya da Yaron Shago

Aminu: Jama'a barkanmu da warhaka. Tun makon jiya saƙonninku ba su bar mu mun huta ba, kowa Chanakya, Chanakya. To, yau ga mu gare shi. Hajiya, kin ce ba ki yarda ba.

Hajiya Rabi: Ni tambayata ɗaya. Wazirin sarkin Indiya na shekara 2,300 baya, me ya sani game da shagon atamfa a Kantin Kwari?

Aminu: Ya san mutum, Hajiya! Shi ya tsaya wa Chandragupta Maurya har ya kafa daula. Littafin da ake jingina masa, Arthashastra, ɓacewa ya yi ƙarni da ƙarni, sai a 1905 wani malami mai suna Shamasastry ya samu kwafinsa rubuce a ganyen dabino, a Mysore. A ciki ya lissafa hanyoyi 40 da ma'aikaci ke bi ya ci dukiyar baitulmali. Ya ce kamar yadda ba za a ɗora maka zuma a harshe ka ƙi ɗanɗanawa ba, haka mai riƙe da kuɗin sarki. Ya ƙara da kifi: wa zai gane lokacin da kifi ke shan ruwa?

Sadiq: Yaya Aminu, tsaya. Wai kifi yana shan ruwa kuwa?

Hajiya Rabi: Ai ga shi nan, ya fara!

Sadiq: Da gaske nake. Tarwaɗa fa? Kwana take a cikin ruwa, ƙishirwa ta ina?

Aminu: To ai shi ne zancen, ba ka gani...

Sadiq: Sai mu kira masunta a Argungu su raba gardama.

Hajiya Rabi: (dariya) Kifi ɗaya na sani mai sha. Shekara huɗu yana shagona, da mabuɗi a hannunsa. Ranar da muka zauna lissafi, turmi goma sha biyu babu. Na yi kuka wallahi, don ɗa na ɗauke shi.

Aminu: Allah ya mayar da alheri. Kin ga nan ne maganarsa ta kama ni. Bai ce a daina yarda da mutane ba, cewa ya yi a taimake su su riƙe amana. A riƙa sauya wa jami'i wurin aiki kada ya yi saiwa. A duba littafin shiga da fita a kai a kai. Wanda ya tona almundahana kuma ya tabbatar, a ba shi kashi ɗaya cikin shida na kuɗin. Sannan, wannan ne masu gida ba sa son ji, ya yanka wa manyan jami'ai albashin pana 48,000, wato kuɗin azurfa na zamanin, don kada kwaɗayi ya ja su. Ka ba yaro kuɗin mota kawai, ka ajiye shi gaban miliyoyi, ka ce ya ji tsoron Allah?

Hajiya Rabi: Wannan kam ta taɓa ni.

Sadiq: Ba mu shiga Bhagavad Gita, littafin nan na addinin Hindu, ba fa, da batun kamfanin Tata da muka yi alkawari.

Aminu: Kai, lokaci ya cinye mu! Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Sadiq, ka nemo mana masuncin nan.