Amsoshin Tambayoyinku: Digiri na Biyu da na Uku a Ilimin Halittu

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Daga nan Kaduna garin gwamna muke kawo muku filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kusan duk abu ɗaya suka tasa a gaba, wato karatun gaba da digirin farko a ilimin halittu, bayoloji da rassansa. Muna tare da wata malamar jami'a mai duba ayyukan binciken ɗalibai a wannan fanni. Malama, sannu da zuwa.

Malama: Yawwa Malam, sannunmu da aiki.

Mai gabatarwa: Ta farko daga Tudun Wada ta fito. Mai wasiƙar ya ce ya gama digiri da sakamako mai daraja ta uku, abokinsa kuma HND yake da ita. Za a ɗauke su mastas?

Malama: Kai tsaye dai da wuya. Yawancin jami'o'inmu daraja ta biyu suke nema, ko da ta ƙasa ce. Mai daraja ta uku da mai HND sai su fara da difloma ta gaba da digiri, wato PGD, wadda ke cin shekara guda. Su tanadi kiredit 5 na WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri, da takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa. Abin da ya fi maƙalar da mutane shi ne cikakkiyar takardar sakamako, wadda ɗalibai ke kira tiranskirif, don makaranta ce ke aika wa makaranta kuma tana ɗaukar lokaci. A neme ta tun ba a fara sayar da fom ba. Mai son digirin digirgir kuwa galibi ana so ya fita mastas da maki 3.5 cikin 5, wasu sassan ma sun fi haka, saboda haka a karanta sanarwar shekarar da kyau.

Mai gabatarwa: Wata 'yar'uwa daga Kawo na tambaya, tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna da makarantar horas da hafsoshin soja ta NDA, wacce za ta zaɓa?

Malama: Dukkansu suna bayar da wannan karatu, ita NDA ma tana ɗaukar farar hula a matakin gaba da digiri. Amma 'yar'uwa, kada ki fara da sunan makaranta. Fara da tambayar da kike son amsawa, sannan ki nemi malamin da ke aiki a kanta da wurin da kayan aikin suke. In amfanin gona ne, cibiyar binciken aikin gona ta IAR tana Samaru, can aka fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake a 2019. In dabbobi ne, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika. In sammore ne da ƙudan tsando, cibiyar binciken sammore ta ƙasa, wato NITR, tana nan Unguwan Rimi. Ba ta ba da digiri, amma da takarda daga sashenki ana iya neman izinin yin aiki a ɗakunan gwajinta. Kuma jiharmu tana da tarihi a wannan fanni. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009 saboda aikinsa kan ƙwayar cutar sammore da ciwon barci.

Kafin ki biya kuɗin fom, ki shiga Google Scholar, shafin intanet na neman maƙalolin bincike, ki karanta maƙaloli 3 da malamin ya wallafa cikin shekaru 5 da suka wuce. Ki tambayi ɗalibansa mutum nawa yake dubawa, kuma in an kai masa babi, mako nawa yake yi kafin ya dawo. Sannan ki je ɗakin gwajin da ƙafarki, zuwa da kai ya fi aike. Ki ɗora hannu a jikin firiza ki ji ko tana aiki, ki tambaya da me ake kunna ta in an ɗauke wuta.

Mai gabatarwa: To ga wata mai tsawo daga Barnawa. Ya ce ya ɗebi jinin shanu 200 a kwata don neman ƙwayar sammore, ya ajiye a firiza wata 6 kafin ya haɗa kuɗin sinadarai. Da aka yi gwajin PCR, wato gwajin da ke kwafar DNA, sinadarin gadon halitta, na ƙwayar cutar har a iya ganinsa, ko ɗigon alama bai fito ba. Malama, aikinsa ya tashi a banza ke nan?

Malama: Allah sarki. Wannan ita ce wasiƙar da na fi so mu tsaya a kanta, domin abin da ke kayar da ɗalibai da yawa ke nan. Ɗan'uwa, kada ka yanke ƙauna tukuna, mu bi ta daki-daki.

Ka fara duba murfin kwalaben da ka zuba jinin. Mai murfi shunayya, wato shuɗi mai ratsin ja, ita ce ta EDTA, sinadarin da ke hana jini gudajewa, ita ake so. Mai koren murfi hefarin ke ciki, wani sinadarin hana jini gudajewa, shi kuwa hefarin yana hana sinadarin da ke kwafar DNA yin aiki. Ana iya samun ƙwayar cutar a cikin jinin amma gwajin ya ƙi nunawa.

Sai batun firiza. Ana ajiye jini da DNA a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri, amma ba sanyin kaɗai ba ne, dawwamarsa ce magana. Duk lokacin da aka ɗauke wuta jinin ya narke, aka dawo da ita ya sake daskarewa, ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin, sinadaran da ke cikinsu su fito su yi ta gutsuttsura DNA. A wata 6 Allah kaɗai ya san sau nawa hakan ta faru.

Yanzu abin da za ka yi, ka ɗauki samfur 10 kacal. A auna DNA ɗin da aka ciro da na'urar auna haske, a duba rabon hasken da ya tsotsa a ma'aunin 260 da na 280, mai tsabta yana kusa da 1.8. A zuba kaɗan a jel, wato daskararren haɗin da ake rarrabe DNA a cikinsa bisa tsayinsa. In ya fito dunƙule a sama, yana nan da ransa, in ya bazu kamar an goga alli, ya gutsuttsure. Daga nan a gwada shi da firaima, wato ɗan guntun DNA da ke nuna wa gwajin inda zai kwafa, ta DNA ɗin saniyar kanta. In wannan ma bai fito ba, matsalar daga samfurin ne ko hanyar cirowa, ba wai shanun lafiyarsu ƙalau ba. A surka DNA ɗin, kashi 1 na DNA da kashi 9 na ruwa mai tsabta, a sake gwadawa. Sau da yawa surkawar kan rage abin da ke toshe gwajin, alama ta bayyana.

Kuma akwai abin da wasiƙarka ba ta faɗa ba, shi ne ko an sa shaidu biyu a gwajin. Kowane zagaye na PCR dole a sa kwalba ɗaya mai ɗauke da DNA ɗin ƙwayar cutar da aka tabbatar, da wata mai ruwa zalla. In ta farkon ba ta nuna ba, laifin sinadarai ne ko tsarin zafin na'ura, jininka bai yi laifi ba. In mai ruwa zalla ta nuna alama, an samu gurɓata, duk sakamakon ranar a zubar. Gwajin da babu waɗannan biyun, mai jarrabawa daga waje ba zai karɓe shi ba, kuma yana da gaskiya.

Mai gabatarwa: To wanda bai fara ɗiba ba fa, yaya zai kauce wa wannan?

Malama: Ya yi shirinsa kamar babu wuta kwata-kwata. A ɗiga jinin a takardar tacewa ta musamman, a bar shi ya bushe a inuwa na wasu sa'o'i, a sa kowacce a ledarta daban tare da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi. Haka yake daɗewa ba firiza. Ganye da sauro ma silika ke riƙe su. Tsokar dabba da ƙwari a sa su a itanol, wato sifirit na ɗakin gwaji, mai ƙarfin kashi 95 cikin 100 zuwa sama. Kada a sa abin da za a ciri DNA daga gare shi a fomalin, ruwan da ake adana gawa da shi, yana lalata DNA ɗin. In dole sai an daskarar, a raba kowane samfur ƙananan kwalabe 3 ko 4, ana ɗaukar ɗaya sauran ba su narke ba. Lamba kuma a rubuta ta da fensir a takarda a jefa cikin kwalbar itanol, domin tawadar alƙalamin maka tana wankewa, ka wayi gari da kwalabe 50 ba ka san ta wane ƙauye ce wacce ba. Shi mai sammore, ya duba jinin a madubin likita cikin 'yan sa'o'i da ɗiba, tun ƙwayoyin suna motsi, ya auna yawan jajayen ƙwayoyin jini. Ko PCR ta ba da matsala, yana da abin rubutawa.

Mai gabatarwa: Daga Rigasa, wata ɗaliba ta ce tana son gwada ganyen sabara da saiwar marke a kan ƙwayoyin cuta, amma an ce mata kowa ya yi wannan.

Malama: An yi da yawa, gaskiya ne, sai dai mafi yawa an tsaya a rabin hanya. Ki fara kai reshen tsiron, da ganye da fure ko 'ya'ya, ɗakin adana tsirrai irin wanda ke sashen ilimin tsirrai a Zariya, a tantance shi a ba ki lamba. Sunan Hausa kaɗai bai isa ba, don suna ɗaya kan hau tsirrai biyu daga gari zuwa gari. A shanya a inuwa, a daka, a auna nauyi, a jiƙa a itanol ko metanol kamar sa'a 72, a tace, a busar, a sake aunawa. Abincin ƙwayoyin cuta a dafa shi a tukunyar matsi, zafin digiri 121 na minti 15. A zuba agar na Mueller-Hinton, wato abincin ƙwayoyin, a faranti kaurin milimita 4, domin in ya yi siriri da'irar da maganin ya kashe za ta yi faɗi ta ruɗe ki. Yawan ƙwayoyin da ke cikin ruwan da za a shafa a farantin a daidaita shi da ma'aunin McFarland 0.5. A sa maganin asibiti sananne a gefe, a sa kuma ruwan da kika narkar da tsiron a ciki shi kaɗai, kada a ce shi ne ya yi kisan. A maimaita sau 3 a ranaku daban-daban da sabon haɗi. Faranti 3 da aka zuba daga kwalba ɗaya a rana ɗaya gwaji ɗaya ne.

A matakin mastas auna da'ira da rula bai wadatar ba. Ki nemo mafi ƙarancin adadin da ke hana ƙwayar tsiro, ki rarraba sinadaran ki ga wane kashi ne mai aikin, ki gwada gubarsa. Kuma don Allah, abin da ya kashe ƙwaya a faranti bai zama magani ba tukuna. Kada a fita ana gaya wa jama'a an gano maganin taifot.

Mai gabatarwa: Wani malamin sakandare daga Kafanchan ya ce an gaya masa mastas shekara 2 ce, amma yana ganin masu shekara 4. Mene ne dalili?

Malama: Akwai abin da ba a hannun ɗalibi yake ba, kamar yajin aikin 2022 da ya ci wata 8. Amma a fanninmu damina ce ke yanke hukunci. Ruwa a Kaduna yakan sauka wajen Afrilu ko Mayu ya ɗauke a Oktoba. Mai aikin sauro ko wuta-wuta a gonar dawa, in ya kare furofozal ɗinsa, wato takardar tsarin binciken da zai yi, a Nuwamba, ya zauna ke nan sai baɗi. Don haka a tsara kalanda daga baya, a fara da watan da za a shiga fili a lissafo zuwa ranar da ya kamata a miƙa furofozal.

Sai izini. Duk aikin da ya taɓa mutum sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, na asibiti ko na ma'aikatar lafiya, na dabbobin gwaji ma akwai nasa kwamitin, kuma ba a ba da izini bayan an gama ɗiba. Ɗauki mai binciken tsargiya a makarantun firamare. Yana buƙatar takardar kwamiti, da ta hukumar ilimi, da yardar iyaye. Fitsarin kuma tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ake karɓa, lokacin da ƙwai ya fi fita, a tace mililita 10. In takardu suka fito ana hutun makaranta, zango guda ya tafi. Ya kuma zauna da masanin lissafin ƙididdiga kafin ya ɗebi ko ɗaya. Adadin samfur 384 da kowa ke kwafa yana fitowa ne in an ɗauka rabin jama'a na da cutar kuma an yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100. Ba kowane bincike ya dace da shi ba.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe a yau daga Sabon Tasha, a taƙaice Malama, ina ake samun tallafi?

Malama: Tallafin asusun TETFund na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, kuma ta hannun makarantarsu ake nema. Wanda ba ma'aikaci ba ya duba tallafin Commonwealth na Birtaniya da DAAD na Jamus, ya lura da ranar rufewa. Mai ɗaukar nauyin kansa ya sani kuɗin makaranta ba shi ne babba ba, sinadarai ne, kuma farashinsu dala yake bi. Ya karɓo farashi a rubuce daga masu sayarwa 2 ko 3 kafin ya kare furofozal, ya ƙara kamar kashi 20 saboda gwajin da za a maimaita. Kwalin ciro DNA mai gwaji 250 ya fi araha a kan kowane samfur fiye da mai 50, sai ɗalibai 3 masu aiki iri ɗaya su haɗa kuɗi su saya tare.

Mai gabatarwa: Malama, mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Masu sauraro, wasiƙun da suka shafi wallafa maƙala da kare kundi suna nan a hannunmu, da su za mu buɗe filin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.